Sun fasa min kaya wajen ƙaura, wai diyyata dala 102

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a Amurka. Watan jiya muka tashi daga Houston muka koma Columbus, jihar Ohio, saboda an yi wa Abban Iman canjin wurin aiki. Muka ɗauki kamfanin jigilar kaya, muka biya su kuɗi ba kaɗan ba. Bayan kwana 9 kaya suka iso. Da aka sauke, talabijin ɗinmu mai inci 65 allonsa ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Shogilas ɗina ƙafa ɗaya ta karye, gilashin ƙofarsa ya tarwatse. Sai kwalin da na jera tangaran ɗin da Hajiyarmu ta saya min a Kano lokacin aurena, ina ɗaga shi na ji yana kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani. Cikin faranti 24, bakwai ne suka tsira.

Na rubuta musu, na tura hotuna. Jiya suka amso. Wai talabijin dala 30, shogilas dala 72, tangaran kuwa ba ruwansu tunda ni na ɗaure kwalin da hannuna. Jimla dala 102. Talabijin kaɗai dala 900 muka saye shi bara. Sau uku ina karanta imel ɗin, ina zaton sifili suka manta. Shin wannan doka ce ko rainin hankali? Kuma akwai inda zan kai ƙara?

Sani_Bronx:
Wa alaikumus salam. Subhanallah. Allah ya mayar da mafi alheri, Anti. Dala 30 kan talabijin? Ai rimot ɗinsa ma ya kusa haka.

Hajjo_Minnesota:
Ni wallahi tangaran ɗin ne ya fi min ciwo. Talabijin ana saye, amma abin da uwa ta zaɓa da hannunta ba shi da shago. Sannu 'yar uwa.

Injiniya_Kabir:
Maman Iman, sannu da wannan asara. Abin da zan faɗa ba mai daɗi ba ne: ba sifili suka manta ba, lissafi suka yi, kuma doka ta san da shi. Duk kamfanin da ke ɗaukar kayan gida daga wata jiha zuwa wata a ƙasar nan, dokar tarayya ta wajabta masa ya ba mai kaya zaɓi biyu kafin a yi lodi. Na farko ba a biyan ko sisi a kansa, amma in abu ya lalace, senti 60 za su biya kan kowace laba ta nauyinsa, ba ruwansu da nawa kika saye shi. Talabijin ɗinki sun sa shi laba 50, shi ne dala 30. Shogilas laba 120, dala 72. Buhun siminti na nan laba 94 ne, kin ga da shi suka fasa miki da kin samu kuɗin da ya fi na talabijin ɗin.

Na biyu shi ne na cikakkiyar ƙima. Ana ƙara miki kuɗi a kan na jigila, su kuma in sun lalata abu, ko su gyara, ko su sauya miki da irinsa, ko su ba ki kuɗin sayen irinsa a farashin yau. Mafi ƙarancin ƙimar da ake ɗora wa kayan gaba ɗaya ita ce dala 6 kan kowace laba. Kayan da suka kai laba 7,000 ke nan dala 42,000.

Ga inda nake so ki duba da idon basira. A doka, na biyun ne ke hawa kai tsaye, sai fa in mai kaya ya sa hannu cewa ya yafe shi, ya zaɓi na senti 60. Ki ɗauko takardar lodi, ki nemi wurin da aka yi maganar ƙimar kaya, ki ga ko akwai hannun wani daga cikinku. In babu, magana ta canza gaba ɗaya.

Auta_Jr:
Injiniya a yi haƙuri, mece ce laba?

Baba_Alhaji_Chicago:
'Ya'yan zamani! Laba ma'aunin nauyi ne da Bature ya zo da shi, da ita ake sayen auduga a wajenmu kafin kilo ya kore ta. Ba ta kai rabin kilo ba, giram 454 ce. Su mutanen ƙasar nan har yau ita suka riƙe. In da kilo kake so, abin da Injiniya ya faɗa ya kama dala 1 da senti 32 kan kowane kilo.

Maman_Iman:
Injiniya na gode ƙwarai. Na tambayi Abban Iman, ya ce shi dai ranar lodi an miƙo masa waya mai faɗi ya zana hannu wuri biyar ko shida da yatsa, suna ta cewa sauri suke rana ta yi. Bai tuna an yi masa maganar wani zaɓi ba. Ni a lokacin ina ɗaki ina fama da yara. Kwafin da ke hannunmu shafi biyu ne kawai, kuma ban ga wannan wurin a ciki ba.

Hajjo_Minnesota:
Maza ke nan. In ke ce kika sa hannun ba ki karanta ba, da yau gidan ba ya zaunuwa.

Sani_Bronx:
Hajiya Hajjo a bar mu mu sha ruwa. Wa ke karanta shafi goma yana tsaye a zafin Houston, ƙarti huɗu na jiransa?

Injiniya_Kabir:
Maman Iman, rubuta musu yau ki nemi cikakken kwafin duk abin da aka sa wa hannu: takardar ƙiyasin kuɗi, takardar lodi da jerin kaya. Ta imel, ba ta waya ba. Kuma in sun aiko da cekin dala 102 ko wata takardar sallama, kada ki sa hannu, kada ki kai cekin banki tukuna. Sau da yawa a jikin takardar ake rubuta cewa karɓa na nufin an gama magana.

Direba_Lawal:
Ni sana'ata ke nan. Shekara 6 ina jan motar kayan gida tsakanin Texas da jihohin gabas, don haka bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki. Ranar lodi akwai wanda ke zagayawa da takardar jerin kaya, yana manna wa kowane abu 'yar sitika mai lamba, yana rubuta halin da ya same shi da gajerun haruffa. SC na nufin akwai ƙarzuwa, CH ɓantarewa, BR karaya. Wasu daga cikinmu, Allah ya shirye mu, sai su cika wa kujera sabuwa dal haruffa, don in an sauke ta da tabo a ce dama haka take. Maigida yana can hankalinsa ya rabu gida goma, a miƙo masa ya sa hannu. Ranar saukewa ma haka: in ka sa hannu ba ka rubuta komai ba, tamkar ka ce komai ya iso lafiya. Ba wai ya hana ka neman diyya ba ne, amma ya ƙara maka aikin kawo hujja.

Kwalin da mai kaya ya ɗaure da kansa kuma PBO ake rubuta masa. Shi suka riƙe a kan tangaran ɗinki, wai ba su ga yadda kika jera ba, ƙila tun farko ba ki sa takarda tsakanin faranti ba. Amma wannan hujja tana yin rauni in jikin kwalin ya nuna an ci zalinsa: ya lotse, ya huje ko ya jiƙe. Hajiya, kwalin yana nan ko kin jefar?

Maman_Iman:
Yana nan a gareji, Malam Lawal. Fasassun ma ban kwashe ba, zuciyata ba ta ba ni ba. Yanzu na je na duba da fitilar waya. Kusurwa ɗaya ta lotse ciki kamar an danna da gwiwa. A samansa kuma ga sawun takalmi, shatin ƙasan but sak, daidai kan inda na rubuta musu da jan maka cewa mai fashewa ne. Kuma kowane faranti sai da na naɗe shi da tsohon zani, yadda Hajiya ke yi.

Direba_Lawal:
To wani ne ya taka shi ya hau don ya jera kaya a sama. Na sha gani, in tsani ya yi nisa sai a mai da kwali matakala. Ki ɗauki hoton sawun ta kowane ɓangare, da sitikar lambar a cikin hoton, kada ki goge, kada ki jefar da komai sai an gama. Suna da damar turo wanda zai duba, in ya zo bai tarar da kayan ba shi ke nan.

Ummu_Hanif_Kano:
Ku dai kuna da inda za ku rubuta takarda. Mu nan da muka tashi daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki, akori-kura biyu maigidan ya samo a bakin titi. Madubin wadirof ya fashe, marfin firij ya lanƙwashe, an ja katifa a ƙasa ta yage. Da na yi magana direban ya ɗaga hannu ya ce, "Hajiya ƙaddara ce, in abu ya kai wa'adinsa ko a kan gado yake sai ya fashe." Har ya tsaya jiran na goro. Maigidan ya ba shi kuwa.

Malam_Tukur_Gusau:
Ummu Hanif kin tuna min. Da aka mai da ni Abuja, mota Kanta na ɗauka a tasha. Ruwa ya same su bayan Funtuwa, ashe tamfol ɗin duk ɓula ne. Littattafaina kwali uku suka zama kunu, kujeru suka yi wata guda suna wari. Abin da ya taimake ni shi ne ta hannun 'yan yuniyon na ɗauki motar, akwai rasit da lambarta. Na koma tashar na samu shugabansu, aka kira mai motar, aka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya. Ya rantse, na rantse, daga ƙarshe aka yanke ya mayar min da rabin kuɗin mota. Bai kai kuɗin littafi goma ba, amma dai an nuna masa ya yi laifi. Da a bakin titi na tsare shi, ko inda zan same shi ban sani ba.

Issoufou_Maradi:
Mu nan ma haka ne. Da anka maida ni Damagaram aiki, kamiyo munka ɗauka jikka 150. Munka iske ƙafar gado ta ɓace ɗungurungum, ba karyewa ba, ɓacewa. Direba ya ce wataƙila ta faɗi wajen Tasawa. Na ce to mu koma mu ɗauko ta? Anka yi dariya, magana ta ƙare nan. Har yau bulo ne ke riƙe da gadon wajen ƙafa.

Sani_Bronx:
Issoufou ka kashe ni da dariya. Aƙalla kai ba a turo maka imel ana lissafa maka nauyin ƙafar gadon ba.

Maman_Sadiq_VA:
Ina so in ɗan saɓa wa Injiniya, don kada mutane su ɗauka na cikakkiyar ƙimar aljanna ce. Mu shi muka saya da za mu taso daga Atlanta, dala 380 muka ƙara. Teburin cin abincinmu ya tsage a tsakiya. Na zaci sabo za su kawo. Ina! Wani dattijo suka turo da gam da fenti a jaka, ya liƙe, ya goge, ya ce an gyara. Na ce ban yarda ba, suka ce zaɓin gyara ko sauyawa nasu ne ba nawa ba. Sannan ashe tsarin da muka zaɓa akwai dala 500 na farko da mu za mu ɗauka da kanmu, shi ya sa ya yi araha. Duk ƙananan abubuwan da suka fashe a cikin 500 ɗin nan suka nutse. Kujera ɗaya cikin shida ta karye, ita kaɗai suka biya, ba ruwansu da cewa sauran biyar ɗin sun zama marayu.

Injiniya_Kabir:
Maman Sadiq ba ki saɓa min ba, ƙari kika yi, kuma duk abin da kika faɗa haka yake. Akwai ma wani tarkon: duk abin da darajarsa ta wuce dala 100 kan kowace laba, kamar zinariya, agogo mai tsada ko kwamfutar hannu, sai an rubuta shi daban a takardar kaya masu tsada. In ba a rubuta ba, suna iya tsayar da diyyarsa a dala 100 kan laba ko da kin sayi cikakkiyar ƙima. Amma duk da haka, da Maman Iman na da cikakkiyar ƙimar, ba dala 30 ake magana ba.

Hajjo_Minnesota:
Zinariya kuma a motar kaya? Wace mace ce za ta yi haka? Tawa a jikina take tafiya, da fasfo da takardun yara. Ko akwatin lefe ban yarda ya shiga motarsu ba, a but ɗinmu ya zauna har muka isa.

Bashir_Dallas:
Maman Iman ki hanzarta fa, kwana 90 kawai kike da shi na shigar da neman diyya. Ni haka aka yi min, na yi sanya har lokaci ya wuce.

Injiniya_Kabir:
Bashir, kwana 90 ɗin na wanda ya yi ƙaura a cikin Texas ne, daga gari zuwa gari, wannan dokar jiha ce. Ita ta tsallaka zuwa Ohio, don haka dokar tarayya ce a kanta: wata 9 daga ranar da aka sauke kaya. Su kuma dole su sanar da ita sun karɓa cikin kwana 30, sannan cikin kwana 120 su biya, ko su ƙi, ko su yi tayi. Asalin dokar tun 1906 take, ana kiranta gyaran Carmack, a kan jiragen ƙasa aka fara yin ta kafin ta haɗa da manyan motoci. Abu ɗaya da mutane ke tuntuɓe a kai: ƙorafi daban, neman diyya daban. Sai takardarki ta nuna wace jigila ce, ta ce su ke da alhaki, ta kuma faɗi adadin kuɗin da kike nema. In "kun fasa min kaya, ga hotuna" kawai kika rubuta, gobe suna iya cewa ba ki taɓa nema ba. Maman Iman kin rubuta adadi?

Maman_Iman:
A fom ɗinsu na cike na talabijin da shogilas. Na tangaran na bar wurin ba komai, don ban san me zan rubuta ba. Nawa zan ce?

Baba_Alhaji_Chicago:
'Yata, rubuta abin da za ki kashe ki sayi irinsa yau. Abin da ke zuciyarki game da shi ba ya shiga fom.

Ustaz_Aminu:
Assalamu alaikum. Maganar direban Ummu Hanif ce ta sa zan tsoma baki. Imani da ƙaddara ba ya sauke haƙƙi daga wuyan wanda ya yi sakaci. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda aka yi hayarsa ya ɗauki kaya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Malamai sun keɓe mai ɗaukar kayan abinci, shi ana ɗora masa lamuni sai ya kawo shaida, saboda hannu na saurin kai wa ga abinci. Haka masu sana'a irin su tela da marini, suna lamunin abin da aka bar musu. To wanda ya rufe kaya da ɓulallen tamfol da damina, ko ya taka kwalin da aka rubuta masa mai fashewa ne, wannan sakaci ne ƙarara. In mai kaya ya yafe, ya samu lada. Amma shi ke yafewa, ba wanda ya fasa ne ke yafe wa kansa ba.

Abu_Fatima:
Ustaz, to shi wannan ƙarin kuɗin da ake biya don a ba ka cikakkiyar diyya, ba inshora ba ce? Na ji malamai da yawa sun ce akwai garari a cikinta, wato rashin tabbas a ciniki.

Injiniya_Kabir:
A dokar nan dai ba inshora ba ce, su kansu kamfanonin ba a yarda su kira ta haka ba. Iyakar lamunin da mai ɗaukar kaya ya yarda ya ɗauka ne, ba wani na uku a tsakani. Inshorar gaske daban ake saye a wajen kamfanin inshora.

Abu_Fatima:
Suna ne kawai aka canza. Ka biya kuɗi, in abu ya faru a biya ka, in bai faru ba kuɗinka ya tafi. Mene ne bambancin?

Ustaz_Aminu:
Tambayarka tana da fuska, amma ba zan yanke hukunci a nan ba, tana bukatar zama da ganin takardar yarjejeniyar. Waɗanda ke Najeriya dai akwai kamfanonin takaful, wato inshora irin ta tsarin Musulunci, ga mai son kauce wa saɓani.

Admin_Zainab:
Jama'a don Allah maganar halacci a buɗe mata wani zaren. Baiwar Allah tana jiran abin da za ta yi gobe da safe.

Rabi_Leicester:
Kafin a koma, bari in faɗi namu na Ingila a taƙaice. Da muka taso daga Landan, takardar kamfanin ta rubuta fam 40 kan kowane kaya ɗaya, kuma kwana 7 kacal na sanar da su. Mu kuwa sai da muka yi sati uku kafin mu buɗe kwalayen ƙarshe, muka tarar da injin ɗinki ya karye. Ko amsa ba su ba mu ba. Wata 9 ɗin ku na Amurka gata ne.

Alhaji_Kwantena:
Na teku ya fi duka. Na aika kayan gida daga Baltimore zuwa Kwatano, falet huɗu, wato katakon da ake jera kwalaye a kai a ɗaure su tare, a cikin kwantenar haɗaka. Ɗaya ya sha ruwa. Dokar jigilar teku ta Amurka tun ta 1936 dala 500 ta tsayar kan kowane ƙunshi, in ba ka bayyana ƙima ka biya ƙari ba. Ni ina lissafin kwali 30, su suka ce takarda ta rubuta falet, don haka ƙunshi ɗaya ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa, na ƙi biyan inshora don in rage kuɗi, na ƙare da asarar da ta ninka ta sau ba adadi.

Sani_Bronx:
Anti, da kati kuka biya? Ki kira bankinki kawai ki ce su janye kuɗin. Su ma su ji a jikinsu.

Direba_Lawal:
A'a Sani, kada ka jefa ta. Sun kawo kaya, aikin da aka biya an yi shi, banki zai tambaye su su nuna takardar da aka sa wa hannu. Kuɗin jigila daban, diyya daban. In ta janye, su ne za su koma masu binta bashi, kuma za su ajiye maganar diyyar gefe sai ta biya. Abin da ya fi shi ne ta duba lambar USDOT, wato lambar rajistar kamfani a ma'aikatar sufuri ta Amurka, da ke kan takardar lodi, ta gwada da sunan waɗanda ta yi ciniki da su tun farko. Da yawa wanda kike gani a intanet dillali ne, ba shi da ko taya ɗaya, sayar da aikin yake yi ga wani. Diyya a wuyan mai motar take. Na san wanda ya yi wata biyar yana rubuta wa dillali, lokaci na ta tafiya.

Maman_Iman:
Na duba. Suna ɗaya ne, alhamdu lillahi. To in sun tsaya a kan 102 ɗin, ina zan nufa?

Injiniya_Kabir:
Hanya uku. Ki shigar da ƙorafi ta intanet a FMCSA, hukumar tarayya mai sa ido kan kamfanonin manyan motoci. Ba za su karɓo miki kuɗi ba, ba aikinsu ba ne, amma yana shiga tarihin kamfanin kuma kamfanoni ba sa son haka. Ta biyu, kowane kamfani dole yana da tsarin mai shiga tsakani. In abin da kike nema bai wuce dala 10,000 ba kuma kika buƙata, ba su da ikon ƙi, hukuncin kuma ya ɗaure ku duka, sannan ba za a ɗora miki fiye da rabin kuɗin buɗe shari'ar ba. Ta uku kotu, kina da aƙalla shekara 2 daga ranar da suka ƙi a rubuce. Sai dai duk inda kika je, tambayar farko ita ce waccan: an yafe cikakkiyar ƙima ko ba a yafe ba?

Maman_Sadiq_VA:
Ki kuma duba inshorar gidan haya in kuna da ita. Tamu ta ce tana biya in gobara ce ko sata a hanya, amma ba ta biyan abin da masu ɗauka suka fasa. Ƙila taku ta bambanta, tambaya ba ta cin kuɗi.

Maman_Iman:
Assalamu alaikum, na dawo. Sun turo cikakken kwafi, shafi 11. A shafi na 7 ga wurin, kuma ga hannun Abban Iman ƙarƙashin na senti 60. Ya kalla ya kalla ya ce lallai nasa ne. Tun jiya yake ta yi min hidimar da ban sa shi ba, har wanke-wanke.

Amma ga abin da na lura. A takardar ƙiyasin da suka aiko mana tun kafin ranar, babu inda aka rubuta nawa ne kuɗin cikakkiyar ƙimar. A shafi na 7 ma gurbin farashin fari ne fat. Kuma lokacin da na'urar ta buga kusa da hannunsa ƙarfe 4:52 na yamma ne, alhali tun wajen ƙarfe uku aka rufe motar, ina da hoton da na ɗauka na tura wa Hajiya.

Injiniya_Kabir:
Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin kamfani ya fake da iyakar senti 60, sai ya nuna ya ba mai kaya dama ta gaskiya ya zaɓa tsakanin biyun. Yaya mutum zai zaɓi abin da ba a gaya masa farashinsa ba, bayan kayansa na cikin mota an datse? Ki rubuta musu wannan daidai yadda kika faɗa mana, ki haɗa da hoton mai lokaci, ki ce kina buƙatar mai shiga tsakani in ba su sake duba tayinsu ba.

Bashir_Dallas:
Ni dai ina ganin wahalar banza ce. Hannu ya riga ya hau takarda. Kuɗin shiga tsakanin kaɗai zai iya cinye rabin abin da take nema, ga ɓata lokaci, ga ɓacin rai. Ta matsa su ƙara na tangaran, ta karɓa, ta huta.

Direba_Lawal:
In sun yarda da na tangaran a kan senti 60, kwalin bai fi laba 45 ba. Dala 27 ke nan, Bashir.

Baba_Alhaji_Chicago:
Wasiƙa ba ta cin komai sai minti ashirin. Ta aika tukuna a ga amsarsu. Na ga kamfanin da ya ninka tayi don kawai ya gane wanda ke gabansa ya karanta shafi na 7.

Ummu_Hanif_Kano:
Maman Iman, ku ci gaba da shari'arku, ni dai turo min hoton ɗaya daga cikin bakwai ɗin da suka tsira, gaba da baya, a ga tambarin ƙasan. Ranar Asabar zan shiga Sabon Gari, akwai wani tsoho a layin 'yan tangaran da ba ya rasa tsofaffin zane. Kin gaya wa Hajiya kuwa?

Maman_Iman:
Ban gaya mata ba. Shekaranjiya ma da muka yi waya ta ce in nuna mata yadda na jera su a sabon gidan, na ce mata ba mu gama buɗe kwalaye ba. Ga hoton nan na turo miki ta akwatin sirri, mai bakin zinariya ne da 'yan furanni shuɗaye.